Kunkurun A'i a Hawa na Huɗu

Asabar, 10 ga Mayu, 2025

Saƙo ya shigo daga Mista Firoz, ejan ɗin gidan nan. Wai Asabar mai zuwa zai zo duba fulat kafin a yi maganar sabunta haya a ƙarshen Agusta. Shekara shida ina wannan fulat a Dubai ba a taɓa zuwa duba komai ba. Ashe an sayar da ginin ne, sabon mai shi yana son ya san abin da ya saya.

Na zaro takardar yarjejeniya daga ƙasan akwati. Sharaɗi na goma sha ɗaya: ba a ajiye dabba kowace iri. Na san yana nan. Ranar da na sa hannu na gan shi, amma a lokacin ko kyanwa ba ni da niyyar ajiyewa.

Ina karantawa Dankali yana bakin ƙofar baranda yana aikinsa. Ƙarr, ƙarr, ƙarr. Ya kankare ƙasan ƙofar har katakon ciki ya fito.

Shekara biyar ke nan da muka sayo shi a kasuwar dabbobi ta Sharjah. 'Yata A'i tana da shekara huɗu a lokacin, ta tsaya gaban akwatin gilashi ta ƙi gaba ta ƙi baya. Ɗan kunkuru ne da bai cika tafin hannuna ba. Ita ta ce ya yi kama da dankali, sunan kuwa ya bi shi. Mai sayarwa ya rantse mini ba ya girma sosai. Yanzu sai da hannu biyu nake ɗaga shi, kuma sai bayana ya amsa.

A watan Disamba matata Zaituna ta tafi Kano da A'i, hutun mako uku. Yau wata biyar.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ranar kiran A'i. Da wayar mamanta take kira, bayan la'asar ɗinsu.

"Abba ina wuni. Juya kyamara."

Na juya. Na durƙusa a kan tayil ina bin sa da waya. Ta gaya masa an canza musu malamar lissafi, haƙorinta na gefe yana rawa, kuma Sa'adiyya 'yar ƙanwar mamanta ta fasa mata kwalbar ruwa. Duk labarinta ta wurinsa nake ji. Shi kuwa yana cin latas abinsa.

Minti tara. Ba ta nemi in mai da kyamara ba, ni ma ban mai da ba.

Na ji muryar Zaituna daga nesa tana magana da wani. Ba ta karɓi wayar ba.

Laraba, 14 ga Mayu

Kwantena uku sun maƙale a tashar Jebel Ali saboda kuskuren lamba ɗaya a takarda. Ba ni na yi ba, ni aka yi wa faɗa. Na dawo na tarar ya yi kashi a kan dardumar sallah. Laifina ne, ni na bar ta a ƙasa.

Asabar, 17 ga Mayu

Da sassafe na sa shi a kwalin injin wanki na rufe da tsohon zanin Zaituna. A cikin lif ya fara dukan kwalin, wata mata daga hawa na shida ta manne da bango tana kallona. Na yi kamar ban gani ba. Kafin mu isa ƙasa ya yi fitsari ya jiƙa mini wando.

Wurin Alhaji Mato na kai shi, a sito ɗinsa na Al Quoz. Mutumin Tanout ne a Nijar, ya girme ni da kusan shekara ashirin, kayan kago yake aikawa Yamai, ni nake gyara masa takardu wani lokaci. Ya buɗe kwalin ya yi dariya, sai kuma dariyar ta tsaya. Ya ce, "Malam Abdul, wannan ai ɗan garinmu ne." Ban tsaya jin sauran ba, ina sauri.

Na share fulat, na goge, na kunna turaren wuta. Na jingina katifar ƙasa a jikin ƙofar baranda.

Mista Firoz ya zo ƙarfe goma sha ɗaya da ɗan littafinsa. Bai duba kicin ba, bai duba banɗaki ba. Kai tsaye ya nufi katifar ya janye ta, ya tsuguna ya sa yatsa a ramin da ke jikin ƙofar. Ya ɗaga kai ya kalli fitilar ɗumi da na manta ban cire ba, tana reto dab da ƙasa.

Na ce ta ciwon baya ce. Ni, da shekaruna arba'in da ɗaya.

Ya ce, "Mista Abdul, mai gadi ya riga ya gaya mini. Kunkuru ne, ko?"

Ya ce shi bai damu ba, 'ya'yansa ma suna da tsuntsu. Amma sabon mai gida ko kifi a kwalba ba ya so. In zuwa ƙarshen Yuli dabbar ta bar gidan, kuma an gyara ƙofa, za a sabunta. In ba haka ba, ƙarshen Agusta in kwashe kayana. Khalas, wato magana ta ƙare.

Ya yi maganar a hankali, da ladabi. Da ya yi mini tsawa da ya fi sauƙi.

Lahadi, 18 ga Mayu

Ban gaya wa A'i komai ba. Haƙorin ya fita, ta nuna wa Dankali gurbin.

Asabar, 24 ga Mayu

Gida huɗu na duba yau.

Na farko sun ce ana barin kyanwa da ƙaramin kare. Na ce kunkuru fa? Yarinyar ofis ta kira manaja, manaja ya kira wani, aka dawo aka ce duk abin da yake jan ciki ko yake da ɓawo ba ya cikin tsarinsu. Na ce ba ya haushi, ba ya cizo, ba ya ko kuka. Ta ce ta gane, amma babu shi a fom.

Na biyu mutumin ya ɗauka wasa nake. Da na nuna masa hoto sai ya ce, "Wannan ba kunkuru ba ne, tebur ne."

Na uku da na huɗu ban ma faɗa ba. Na tsaya ina kallon ƙofofinsu sababbi ina lissafin wata nawa za su yi.

Alhamis, 29 ga Mayu

Nafiou na ofis ya ce in shiga da shi a ɓoye kawai, kowa haka yake yi, akwai mai maciji a gininsu. To a nan ma ai a ɓoye na yi.

Juma'a, 6 ga Yuni

Babbar Sallah. Ta farko da na yi ni kaɗai tun da na yi aure.

Da rana, bayan su ma sun sauko daga idi, na kira gida. Hayaniya, yara, ana fiɗa a tsakar gida. A'i da lalle har gwiwar hannu, ta ce, "Abba barka da sallah, ina Dankali?" Na nuna mata. Zaituna ta leƙo ta ce, "Barka da sallah, Abban A'i." Na ce barkanmu. Ta yi ƙiba kaɗan, fuskarta ta washe. Ban ji daɗin ganin hakan ba, Allah ya yafe mini.

Alhaji Mato ya matsa sai na je gidansa a Al Buteen. Matarsa Hajiya Kadija ta yi dambu da nama, falon cike da 'yan Nijar, rabin magana Hausa rabi Faransanci. Ana cikin ci ya fara ba su labarin kunkuruna. Ya ce a dajinsu irinsa suna haƙa rami mai zurfin da mutum zai shige ya ɓace, suna yini a ciki, sai rana ta yi sanyi su fito kiwo. Ya ce kakansa yana da ɗaya a gida wanda ya riga babansa zuwa duniya kuma ya bar shi a ƙasa, wato babansa ya rasu kunkurun yana nan.

Sai ya juyo gare ni. "Shekara nawa za ka yi a Dubai, Malam Abdul? Shi fa saura masa saba'in. Kuma a hawa na huɗu? C'est pas possible, ba zai yiwu ba."

Aka yi dariya, ni ma na yi.

Da na dawo na ba shi ganyen zogale da Hajiya ta ƙunsa mini. Ya cinye tas. Sallarsa ke nan.

Asabar, 14 ga Yuni

Gida na takwas. Wani bene ne da aka yayyanka da katako, iyali tara a ciki, amma akwai ɗan fili a baya mai ƙasa. Ƙasa ta gaske! Mai kula da wurin ya ce in kawo shi ba komai. Har na fara murna. Sai na tambayi takardar haya, ya ce a nan ba a yin takarda, in hukuma ta zo kowa ya san yadda zai yi. Bizata a hannun kamfani take, ba zan iya wannan kasadar ba.

Na tsaya a filin nan na fi minti goma. Ƙasa ce kawai da guntayen bulo.

Talata, 24 ga Yuni

Kwana uku bai ci ba. Na sa latas, na sa kuɓewa, ya kau da kai. Akwai kumfa a hancinsa, kuma in yana numfashi ana jin wani ɗan fito.

Laraba, 25 ga Yuni

Na roƙi rabin yini a ofis na ce zan je asibiti. Ban ce na dabbobi ba.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ce sanyi ne ya kama masa huhu, sanyin AC da na tayil. Ta shafa ƙoƙon bayansa, inda kowane gida ya taso kamar ɗan tudu. Ni duk shekarun nan na ɗauka ado ne, har A'i tana ƙirga su. Ta ce ba haka ya kamata ya zama ba, lafiyayye bayansa sumul yake. Rashin rana ne da rashin abincin da ya dace, shekara da shekaru. Ba ya gyaruwa.

Ta tambaye ni, "Yaushe rabon da ya taka ƙasa?"

Na ce bai taɓa ba.

Ta rubuta a takarda. Allura duk bayan kwana uku, a jiƙa shi a ruwan ɗumi kullum, kuma kada ɗakin ya yi sanyi.

AC ɗin fulat ɗin guda ne, in ka kashe ka kashe duka. Na kashe.

Lahadi, 29 ga Yuni

A'i ba ta kira ba. Na jira har magaribarsu, sannan na tura saƙo. Zaituna ta amsa: sun je bikin suna a Gwale, sai wani satin.

Gara haka. Da me zan nuna mata?

Laraba, 2 ga Yuli

Zafi. Ina kwana a kan tayil da jiƙaƙƙen tawul, fanka tana tura mini iska kamar daga bakin murhu. Ƙuraje sun feso mini a wuya. A ofis Nafiou ya ce idona ya faɗa.

Ya ci ganye biyu yau. Na zauna ina kallon bakinsa kamar wanda aka yi wa albishir.

Lahadi, 6 ga Yuli

Ban san ta inda zan fara ba.

A'i ta kira, ta ga gumi yana zuba a fuskata kafin in juya kyamara, ta ce, "Mama zo ki ga Abba, kamar an watsa masa ruwa." Zaituna ta karɓi wayar. Karo na farko tun Disamba da ta zauna ta dube ni. Ta tura A'i ta kawo mata wani abu.

Ta ce lafiya? Sai na saki baki. Na gaya mata komai: ejan, wa'adi, likita, AC, gidajen da na duba. Ina tsammanin za ta tausaya. Ina jin ma shi ya sa na faɗa.

Ta ce, "Gida nawa ka ce ka duba?"

Na ce goma sha ɗaya.

"Goma sha ɗaya." Ta maimaita a hankali. "Abban A'i, shekara biyar ina cikin ɗakin nan. Ka fita shida na safe ka dawo takwas. In A'i ta tafi makaranta, wallahi sai in yini ban buɗe baki na yi magana da ɗan Adam ba. Sau nawa na roƙe ka mu koma inda akwai mutane? Ka ce nan ya fi kusa da aiki. Ko gida ɗaya ba ka taɓa dubawa ba."

Na ce ba haka ba ne.

Ta ce, "Na yi wata uku ina kuka a banɗaki don kada yarinya ta gani. Ka ce in yi ta addu'a. Shi ya yi kwana uku bai ci latas ba ka ɗauki rabin yini."

Babu faɗa a muryarta. Kamar tana karanta mini takarda.

A'i ta dawo, aka juya kyamara, ta ba Dankali labarin suna. Ban ji ko kalma ɗaya ba.

Litinin, 7 ga Yuli

Ba gaskiya ta faɗa ba duka. Ai don su nake wannan aikin.

Talata, 8 ga Yuli

Na yi ta neman wurin da ta yi ƙarya. Ban samu ba tukuna.

Asabar, 12 ga Yuli

Alhaji Mato ya ɗauke ni a motarsa zuwa wata gona a Al Awir. Ta wani dattijo Balarabe ce, ɗan ƙanen Alhaji mai suna Chamsou ne yake kula da awaki da raƙuman wurin. A bayan garken akwai fili da aka kewaye, da bishiyoyi biyu da kwamin ruwa. Kunkuru uku ne a ciki, irin Dankali, wasu mutane ne suka kawo su da suka fi ƙarfin gidajensu. Ɗaya kawai na gani, ya leƙo daga bakin rami. Bayansa sumul kamar ƙwarya.

Chamsou ya ce mai gonar ya yarda, in kawo shi duk ranar da na so, in zo dubawa duk ranar da na so.

Na ce shingen ya yi gajere. Na ce na ga kare. Na ce manyan za su iya tumurmushe shi, kuma bai gama warkewa ba, kuma bai saba da wannan rana ba.

A hanyar dawowa Alhaji ya dube ni da muka kusa gari. Ya ce, "Karen nan ya tsufa, ko haƙori ba shi da shi." Shi ke nan abin da ya ce.

In na ba da shi, ranar Lahadi me zan juya wa kyamara?

Laraba, 16 ga Yuli

Allura ta ƙarshe. Kumfar ta tafi. Ƙarfinsa ya dawo, ya koma kan ƙofar.

Mista Firoz ya turo saƙo: saura mako biyu, da ɗan hoton fure a ƙarshe.

Litinin, 21 ga Yuli



An riƙe mu a ofis, ban iso gida ba sai bayan isha'i. Na buɗe ƙofa ban ji ƙarr ƙarr ba. Na same shi a rigingine a ƙarƙashin fitilar ɗumi. Ya yi ƙoƙarin hawa kan akwatin takalma ne ya kife. Ƙafafunsa a sake, wuyansa ya zubo waje, bakinsa a buɗe, kumfa ta bushe a gefe. Ya yi kashi ya yi fitsari, duk ya shafe tayil da ƙafa wajen neman abin da zai dafa. Babu abin dafawa. Tayil ne, santsi ko'ina.

Ban san awa nawa ya yi a haka ba. Fitilar tana dukan cikinsa.

Na juya shi, bai motsa ba. Na kai shi banɗaki na sa a ruwa ina kiran sunansa da ƙarfi kamar zai amsa. Na kira likita, ta ce in ci gaba da jiƙa shi, kada ruwan ya yi sanyi sosai, in jira. Na zauna a bakin baho da kayan aiki a jikina.

Wajen minti arba'in sannan ya ja wuyansa ciki. Daga baya ya sa baki a ruwan ya sha, ya sha, ya sha.

Likita ta ce da a ƙasa ne da ya tura da ƙafa ya miƙe da kansa.

Na yi kuka. Ban yi ba ranar da Zaituna ta ce ba za ta dawo a Janairu ba, ban yi ba da sallah. Sai yau, a banɗaki.

Talata, 22 ga Yuli

Na kira Alhaji Mato. Na ce Asabar. Ya ce to, Allah ya kai mu. Bai ƙara komai ba, na gode masa da hakan.

Asabar, 26 ga Yuli

Bayan asuba muka tafi, kafin rana ta ɗaga. Wannan karon ban rufe kwalin ba. Mai gadi ya gan mu ya sunkuyar da kai, na yi masa sallama, ya amsa a ciki.

Na rubuta wa Chamsou takarda: abin da yake so, abin da ba ya so, lambar likita, cewa yana tsoron ƙarar buta in ta faɗi. Ya karɓa da hannu biyu ya sa a aljihu. Na san ba zai karanta ba, kuma ba ya buƙata.

Na sauke shi a ƙasa. Ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama, kamar ƙasar tana ƙona shi. Ya sauke. Ya sa hanci ya shinshina. Sai ya kai ƙafar gaba ya kankara, irin yadda yake yi wa ƙofa, amma wannan karon abin ya tafi, ƙasa ta watsu a bayansa. Ya sake. Ya sake.

Ya nufi wajen bishiya yana tafiya da wani sauri da ban san yana da shi ba. Na ce, "Dankali." Alhaji ya dafa kafaɗata.

Ban san me nake jira ba. Kunkuru ne.

Chamsou ya kawo shayi da madarar raƙumi. Na sha don kada ya ji babu daɗi.

Lahadi, 27 ga Yuli

Na ce wa A'i yana barci a bayan kujera, likita ta ce kada a tashe shi. Ta ce to. Muka tsaya kallon juna, ni da 'yata. Na ce ya makaranta? Ta ce an yi hutu. Na ce ya Sa'adiyya? Ta ce lafiya.

Minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi.

Na kunna AC. Na kwance fitilar. Har yanzu in zan taka daga kan gado sai na duba ƙasa.

Laraba, 30 ga Yuli

Kafinta ya canza ƙofar baranda. Mista Firoz ya zo ya ɗauki hoto, ya leƙa ƙarƙashin gado da cikin baho, ya ba ni haƙuri yana leƙawa. Ya ce zai kawo sabuwar takarda.

Na sayo latas a hanya. Sai da na buɗe firij na tuna.

Lahadi, 3 ga Agusta

Na gaya mata.

Na shirya magana tun safe, yadda zan rarrashe ta in ta fashe da kuka. Na ce A'i, Dankali ya koma gona, ɗakin nan ya yi masa kaɗan, ya yi rashin lafiya. Na tura mata bidiyon da na ɗauka yana haƙa.

Ta kalla. Ta ce, "Akwai 'yan'uwansa a can?"

Na ce uku.

Ta ce, "To ai ya fi." Sai ta ce Sa'adiyya tana jiranta za su je gidan Hajiya kakarsu.

Shi ke nan. Wata uku ina yawo a gari da kwali, ina kwana cikin zafi, wai don kada zuciyar yarinya ta karye.

Kafin ta ajiye ta ce, "Abba, to kai da wa kake magana yanzu?" Na ce da mutanen ofis. Ta ce to.

Asabar, 9 ga Agusta

Na je gona ni kaɗai. Yana cikin rami. Chamsou ya nuna mini bakin ramin, ya ce shi ya haƙa da kansa cikin kwana huɗu, yana fitowa da sanyin safiya, yana cin ciyawa fiye da sauran, har ya ture babban daga bakin kwami.

Na tsuguna na leƙa. Duhu kawai. Na ajiye zogale a bakin ramin na zauna a inuwa awa biyu. Bai fito ba. Wata akuya ce ta zura kai ta shinge ta cinye zogalen.

Ba na jin zan riƙa zuwa kowane mako. Hanyar da nisa.

Talata, 12 ga Agusta

Mista Firoz ya kawo takardar har ofis, don ya sauƙaƙa mini. Shekara ɗaya, komai kamar da. Ya miƙo mini biro.

Na ce ba zan sabunta ba.

Ya ce, "Amma Mista Abdul, dabbar ta tafi. An gyara ƙofa. Babu matsala yanzu." Na ce na sani. Ya tambaya ko na sami wani wuri ne, na ce a'a. Ya daɗe yana kallona, sannan ya mai da biron aljihu.

Kwana goma sha tara suka rage, ban san inda zan sa kayana ba. Alhaji ya ce in ya ƙure in kawo su sito.

Lokacin cin abinci na fita bayan ofis, wajen da ake ajiye kwantenoni, na kira lambar Zaituna. Kiran murya, ba bidiyo ba. Ta ɗauka a tsorace, ta ce, "Lafiya? Yau Talata. A'i tana islamiyya."

Na ce na sani, ba ita nake nema ba.

Na ji ana daka a gidan, da kukan wani jariri. Na gaya mata na saki fulat ɗin. Ta ce saboda me, ba an ce kunkurun ya tafi ba? Na ce ya tafi.

Ba ta ce za ta dawo ba. Ban tambaya ba. Ta ce ƙurajen wuyan sun warke? Na ce saura kaɗan. Ta ce in daina sa musu turare. Daga nan ta shiga ba ni labarin rufin ɗakin Hajiyarsu da ke yoyo, da mai gyaran da ya zo sau uku bai gyara ba. Labari ne mai tsawo, ba shi da kai. Na tsaya a rana na ji shi har ƙarshe.

Na koma ofis a makare, aka yi mini magana. Ba wani abu ba ne. Kira ne kawai.

Gobe zan nemi kwalaye.